Yadda Ɗanlarai Ya Sasanta Najeriya da Nijar

A unguwar Fadaman Mada ta Bauchi babu wanda bai san Ɗanlarai mai gyaran rediyo ba, ko da yake rabon da a kawo masa gyara tun kafin wayar hannu ta zama ruwan dare. Da aiki ya ɗauke ƙafa, sai ya koma sauraron rediyoyin da masu su suka manta a shagonsa. Daga labaran safe har na yamma kunnensa na manne da akwati, har ya haddace maganar manya kaf: shiga tsakani, tsagaita wuta, teburin sulhu. Ko yaji ne ya yi yawa a miya, ba ya cewa matarsa Sauda ta cika barkono, sai ya ce yana Allah wadai da kakkausar murya.

Kuma wai shi ya san ƙasar waje. Gaskiyar magana, ya taɓa bin wata motar shanu zuwa kasuwar Maigatari, fitsari ya matse shi ya zaga bayan wata ƙaya, da ya dawo direba ya ce masa ai cikin Nijar ya tsuguna. Shi ke nan, unguwa ta shiga uku. Tun daga ranar, ko zancen farashin gawayi ake yi sai ya gyara murya ya ce, "Lokacin da nake Nijar," sannan ya ɗora.

A gindin dogonyaron da ke gaban shagonsa ake majalisa, kuma dattawa biyu ne ginshiƙinta. Akwai Bappa Umaru, Bafulatanin Bauchi mai shagon fura da kindirmo, dogo siriri. Akwai Ba Kyari, Babarbaren Diffa ta Nijar, mai sayar da busasshen tattasai da banda, wanda ya zo garin tun yana saurayi ya sauka a zauren Bappa Umaru bai sake komawa ba sai ziyara. Katanga ɗaya ce tsakanin shagunansu, tabarma ɗaya suke zama, shayin Ba Kyari kuwa shi ke tara jama'a bayan la'asar. To kowa ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari: wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Amma su waɗannan biyun sun mai da shi abincin safe. Bappa zai leƙo ya tambayi bawansa ko kyanwar da ta yakushe masa fuska ta sake dawowa, yana nufin tsagensa. Ba Kyari zai ce a kama masa wannan sillen karan kada iska ta kai shi dam ɗin Gubi. Sai Bappa ya wafci kifi mafi girma a kwando ya ce haraji ne, Ba Kyari ya shiga ya kwankwaɗe kwanon kindirmo ya ce gandun ubangida ne. Eunice mai masa, da ke suya a gefe, ta ce ita da wannan zagin take gane gari ya waye.

Shekarar da aka rufe boda tsakanin ƙasashen biyu, har aka yanke wa Nijar wuta, abin ya zama musu sabon fage. Bappa Umaru ya ɗebo toka a murhun Eunice ya ja layi tsakanin shagunan, ya ce boda ta rufu. Da yake daga shagonsa aka ja wa Ba Kyari wayar ƙwan lantarki, ya sa hannu ya zare ta. Ba Kyari ya rama da hana fitar da tattasai zuwa gidan Bappa, har sai da matar Bappa ta aiko cewa in miyarta ta sake yin fari, su biyun za ta haɗa ta daka. Majalisa ta yi dariya har da masu riƙe ciki. Mutum ɗaya ne bai yi ba.

Ɗanlarai ya koma gida fuska a murtuke, ya ce wa Sauda yaƙi na shirin ɓarkewa a ƙofar shagonsa, kuma Allah bai kai shi Nijar a banza ba. Sauda ta ce ai wasan Fulani da Barebari ne, tun kafin a haife shi ake yi. Ya dube ta irin duban da likita ke wa mai jayayya da allura. Ya ce in Babarbaren Maiduguri ne, wannan wasa ne na cikin gida, amma Ba Kyari Babarbaren ƙasar waje ne, duk zagin da aka yi masa ƙasa guda aka zaga. Ya ce zai sasanta su, za a ji a rediyo, kuma daga nan sunansa Jakada.

"Baban Ni'ima," in ji Sauda, "ba a yi wa mai lafiya ɗori. Ka bar mutanen nan."

Ya ce shi ya sa ba a tura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba.

Washegari ya fara abin da ya kira tattaunawar sirri. Ya sami Bappa Umaru shi kaɗai yana dama fura, ya rage murya, ya ce akwai maganar da ke cin ransa. Wai ya sha ganin Ba Kyari ya shige bayan buhunan tattasai yana sharar hawaye duk ranar da aka kira shi bawa; dariyar da yake yi ta baƙunta ce kawai, don ba ƙasarsa ba ce. Ludayi ya tsaya cak a hannun Bappa. Ya ce tattasai ne ke sa shi hawaye. Ɗanlarai ya girgiza kai ya ce shi da ya zauna a Nijar ya san kukan tattasai ya san kukan zuci. Ya sa dattijon ya rantse ba zai tayar da maganar ba, don kada baƙo ya ji kunya.

Daga nan ya tsallaka layin toka ya sami Ba Kyari. A nan kuma ya ce masa Bappa Umaru na fama da hawan jini a ɓoye, kuma likita ya ce zagin safe ne ke tayar da shi. Kunyar Fulani ce ta hana shi faɗa, amma ana gab da rasa shi. Ba Kyari ya yi salati. Shi ma aka sa shi ya rantse. Abin haushin shi ne, da ba sa ƙaunar juna da ƙaryar ba ta kama su ba. Kowannensu ya kwana yana tuna irin maganganun da ya yaɓa wa amininsa shekara da shekaru, yana jin kamar ya haƙa rami ya shige.

Da safe Bappa Umaru ya fito, ya tsaya a bakin shagon Ba Kyari, ya ɗan rusuna.

"Barka da asuba, Malam Kyari. An tashi lafiya? Ya iyali?"

"Lafiya lau, Alhaji Umaru. Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara lafiya."

Eunice ta saki baki tana kallonsu har masa ta ƙone a tanda. Ta tambayi wanda ke kusa da ita ko rasuwa aka yi. Su kuwa dattawan kowa ya koma shagonsa da tabbacin abin da aka gaya masa. Bappa ya ce a ransa, lallai kam, ga shi da na daina shi ma ya daina, ashe dama dauriya yake yi. Ba Kyari ya ce a ransa, dubi yadda ya yi laushi, ashe ciwon ya ci ƙarfinsa. Ɗanlarai na zaune a kan bencinsa yana kaɗa ƙafa, ya sanar da duk mai wucewa cewa an tsagaita wuta.

Sai dai ladabi tsakanin abokan wasa ba ƙaramin abu ba ne, a nan garin kusan gara ka mari mutum. Da kwanaki suka tura, tausayi ya fara juyewa zuwa zargi. Bappa ya shiga tunanin ashe duk shekarun nan mutumin nan da ƙullinsa yake zaune da shi, yana cin tuwon gidansa yana yi masa dariyar baƙunta. Ba Kyari kuma ya ga Bappa ya daina wafce kifi, ya mayar masa da wayar lantarki har da cewa a yi haƙuri, ya share layin toka da hannunsa. Ya ce to, an mai da ni baƙo ke nan, saura a nuna mini hanya.

Da Ɗanlarai ya ga fuskoki sun ɗaure, sai ya ce alamar girmama juna ce, amma akwai sauran mataki na gaba, wato musayar kyaututtuka kamar yadda shugabanni ke yi. Ya sa Bappa ya aika da ƙwaryar man shanu an rufe da faifai. Ya sa Ba Kyari ya mayar da kwandon banda an ɗaure da sabon ƙyalle. Mutanen da suka saba ƙwacewa a hannun juna yau ga su suna aike da godiya. Matar Bappa ta kalli kwandon ta ce wannan ai sallama ce. Matar Ba Kyari ta kalli man shanun ta fashe da kuka, ta tattaro turmi da rariya da tukunyar da ta ara tun haihuwar ɗanta na fari, ta mayar. Kwanon ciyayya da ke ƙetare katanga kowace magariba ya tsaya. Ba Kyari ya sayo ɗan faifan sola ya kafa a rufin shago, ya naɗe wayar Bappa ya miƙa masa da hannu biyu. Ɗanlarai ya kira wannan cin gashin kai ta fuskar makamashi.

Butar shayi ta daina hawa gawayi. Majalisa ta watse, masu sayen masa suka ragu. Eunice ta tare Ɗanlarai da cokalin suya a hannu, ta ce ita dai ta lura tun ranar da ya shiga shagunan nan biyu yana raɗe-raɗe komai ya lalace, ya faɗa mata me ya ƙulla. Ya ce sirrin ƙasa ne, kuma tarihi zai yi masa adalci. Ta ce tarihi ya yi sauri, kafin ita ta yi masa nata.

Ana haka labari ya fito cewa Ba Kyari ya fara karyar da kaya, ya yi magana da wani direba, zai kwashe iyali ya koma Diffa. Da Bappa ya ji, ya shiga shago ya rufe ƙofa, ranar ko fura bai dama ba. Zuciyarsa na cewa ya je ya riƙe rigar mutumin, kunya da rantsuwa suna cewa zauna. Da wani mai hankali ne, da ya tsorata a nan. Ɗanlarai kuwa cewa ya yi dole a gaggauta bikin sulhu kafin ɓangare ɗaya ya bar ƙasar, kada wahalarsa ta tafi a banza.

Ya karɓo aron rumfa da kujerun roba. Ya gayyato mai unguwa, ya gayyato wani dattijo da 'yan Nijar mazauna garin ke girmamawa, ya yi ta aike gidan rediyo har suka gaji suka ce za su duba. Ya ɗinka babbar riga, rabi kore da fari, rabi ruwan lemo. Ya sa tela ya ɗinka tutoci biyu. Ya kamo farar tantabara biyu daga cikin nasa na gida ya zuba a kwali. Sauda ta ce ita za ta zo, amma daga nesa za ta tsaya yadda ba za a gane matar wa ce ba.

Ranar biki bayan la'asar unguwa ta cika, don an ji za a raba masa kyauta. Motar da za ta kwashi Ba Kyari na tsaye a bakin titi, an riga an ɗora katifu. Dattawan biyu suka zauna a kujeru, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, kowa na kallon takalminsa.

Matsala ta fara daga tuta. Dattijon 'yan Nijar ya ɗaga kai ya duba, ya ce wannan ta wace ƙasa ce, don tasu akwai rana a tsakiya. Tela ya manta da ita. Ɗanlarai bai ko girgiza ba. Ya ce an tanadi ranar daban don a ɗora ta a gaban shaidu, ya miƙa hannu cikin kwanon Eunice ya ɗauki masa guda mai kyan suya, ya soke ta da allura a tsakiyar tutar. Ya juyo ya gaishe da dattijon da Faransancin da ya tsinta a rediyo, ya ce masa, "Bonjur madam." 'Yan Nijar da ke wurin suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Kafin ya gama gabatar da manyan baƙi, wata akuya ta ɗaga ƙafafun gaba ta cinye ranar Nijar, ta haɗa da gefen tutar.

Sai aka zo sakin tantabarun zaman lafiya. Ya buɗe kwali da kabbara. Ɗaya ta tashi ta miƙe kai tsaye zuwa gida wurin ƙwanta. Ɗayar ta yi kewaye biyu a cikin rumfa, ta sauke abin da ke cikinta a kan hular mai unguwa, sannan ta bi 'yar'uwarta. Mai unguwa ya cire hula ya duba, ya mayar da ita aljihu, ya ce a taƙaita.

Ɗanlarai ya hau benci ya fara jawabi. Da ya tsaya a godiya da an tashi lafiya. Amma ina, mai cika baki ba ya iya ganin taro ya bar aikinsa a ɓoye. Ya ce jama'a na ganin zaman lafiyar nan kamar daga sama ya faɗo, ba su san dabarar da aka yi ba. Ya ce shi ne ya je wa Bappa Umaru da labarin cewa Ba Kyari na kuka a bayan buhu, shi ne kuma ya je wa Ba Kyari da labarin hawan jini, kuma ko ɗaya ba a yi ba, hikima ce irin ta jakadu wadda sai wanda ya zauna a ƙasar waje. Ya tsaya yana jiran tafi.

Babu wanda ya tafa. Bappa Umaru ya ɗago kai a hankali ya dubi amininsa, karo na farko cikin makonni.

"Kyari. Ba ka yi kuka ba?"

"Ni? A kan maganar Bafulatani? Kai fa, jinin naka?"

"Wane jini? Rabona da asibiti tun ina goye."

Bappa ya miƙe. Ya dubi motar da katifu, ya dubi Ba Kyari. Jama'a suka ja numfashi, mai unguwa ya gyara zama don raba faɗa.

"Au, wato bawana ne zai gudu da kayana ba izini? Wa ya 'yanta ka, mai fuska kamar an yi kaftu? Sauke katifun nan kafin in sa a ɗaure ka a turken maraƙi."

Hawaye suka zubo wa Ba Kyari shar, na gaske wannan karon, suna bin tsagen nasa. Ya ce dama ya fasa, don ya tuna in ya tafi babu mai riƙe wannan tsinken in iska ta taso, kuma ba a barin dabba ba makiyayi. Suka rungume juna suna zagi, kowa na ƙoƙarin muryarsa ta fi ta ɗan'uwansa. Eunice ta rangaɗa guɗa. Dattijon 'yan Nijar ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce yau ya ga hulɗar ƙasa da ƙasa.

Ɗanlarai kuwa gani ya yi yarjejeniyarsa na rushewa a gaban idonsa. Ya daka tsalle daga benci yana ihun a tsagaita wuta, babbar rigar ta harɗe ƙafarsa, ya damƙi igiyar rumfa don ya tsira. Rumfa ta biyo shi. Da aka ɗaga tamfol aka same shi a ƙasa, tutar Najeriya a wuya, akuyar nan na lasar man masa a yatsunsa. Daga can nesa aka ji muryar Sauda tana tambayar wata mata ko ta san mijin wace ce wannan.

Matasa suka so su yi wa Ɗanlarai ature, Bappa Umaru ya hana. Ya ja Ba Kyari gefe suka yi ƙus-ƙus, suka dawo fuska ba alamar wasa. Suka kama Ɗanlarai suka tayar, suka kakkaɓe masa riga. Ba Kyari ya ce babban mutum irin wannan ba a taɓa shi, daga yau sunansa Jakada kamar yadda ya so, kuma duk unguwa a ba shi girmansa. Ɗanlarai ya koma gida yana ɗingishi yana murmushi, ya ce wa Sauda ta gani, tarihi ya yi adalci.

Sai da gari ya waye ya gane irin adalcin. Majalisa ta dawo, buta ta hau gawayi, zagi na tashi kamar ba a taɓa dainawa ba. Da ya nufo tabarma zai zauna inda ya saba, kowa ya yi shiru ya miƙe tsaye. An ajiye masa kujerar roba shi kaɗai a can gefen kwata, inda inuwar dogonyaro ba ta kaiwa. Aka raka shi har can, aka ce ranka ya daɗe, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Shayin da ake zagayawa da shi a ɗan kofi ɗaya ana wafcewa, shi sai a kawo masa nasa a kan faranti bayan ya huce. In ya buɗe baki ya ce lokacin da yake Nijar, babu mai ce masa ƙarya yake kamar da, sai a ce haka ne, Allah ya ƙara girma, a jira ya gama a juya masa baya a ci gaba da dariya. Hatta Eunice da ta saba ce masa malalaci sai ta rusuna ta miƙa masa masa da hannu biyu.

Ya daure mako guda, ya daure na biyu. Ya rame, rediyo ma ta daina yi masa daɗi. Wata la'asar, ana tsakiyar shewa don Bappa ya ce za a sayar da Ba Kyari a sayi buta, Ɗanlarai ya jawo kujerarsa har bakin tabarma, ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa.

"Bappa, Ba Kyari, don girman Allah wani ya zage ni. Ko shashasha ne a ce mini."

Dattawan suka dubi juna. Ba Kyari ya ajiye buta, Bappa Umaru ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Subhanallahi," in ji Bappa. "Mu zagi Jakada? So kake ka haɗa mu faɗa da ƙasashe biyu? A mayar wa mai girma kujerarsa, rana na jiransa."